Kuɗin Ƙwaya Ba Ya Kwana A Kwanar Ɗangora

A watan Janairun 2025 jami'an Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, suka yi wata magana a wani taro a Legas wadda ta tayar da ƙura a Facebook da X. Cewa suka yi sabon lissafin girman tattalin arzikin Najeriya, wato GDP, zai yi ƙoƙarin ƙirga har da harkokin da ake yi a ɓoye da waɗanda doka ta haramta, kuma cikin misalan da aka kawo har da sayar da miyagun ƙwayoyi da karuwanci. Kafin ka ce kwabo samari sun mai da abin barkwanci. Ashe dilan unguwarmu ma'aikacin gina ƙasa ne? Ashe Abuja ya kamata a kai shi a rataya masa lambar yabo, ba ofishin NDLEA ba?

An yi dariya an watse, amma akwai maganar da ta rage a ƙasa, kuma ni ita ce ta dame ni. Matasa da yawa, ko ba su faɗa a fili ba, sun yarda cewa harkar ƙwaya tana kawo kuɗi gari. Hujjarsu a bayyane take: ga wane can, shekara uku da suka wuce ko keke ba shi da shi, yau ya dasa gida mai tayil, ya sayi mota, ranar Juma'a yana rabon dubu-dubu. Magina sun samu aiki, mai siminti ya yi ciniki, mai shayi ya ƙaru. To in ba bunƙasar arziki ba, mene ne wannan?

Ina so mu ɗauki wannan hujja da gaske, mu auna ta a yankinmu na Bagauda, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mu ga ko za ta tsaya da ƙafarta.

Da farko dai a fahimci abin da GDP yake. Mudu ne. Mai awo a kasuwa ba ya tambayar ko masarar da aka zubo masa ta gado ce ko ta sata, shi dai ya cika ya share baki. Birtaniya da Italiya sun shigar da cinikin ƙwaya cikin nasu lissafin tun 2014, kuma ba wanda ya ce halatta shi suka yi. Haka in tirela ta yi karo da bas a hanyar Zariya, makaniki zai samu aiki, asibiti zai karɓi kuɗi, mai sayar da likkafani zai yi ciniki, duk kuma mudun zai ƙirga su a matsayin hada-hada. Don haka shigar abu cikin GDP ba shaida ba ce ta cewa jama'a sun ƙaru da shi. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: kuɗin daga aljihun wa ya fito, kuma a aljihun wa ya kwana?

A harkar ƙwaya ƙasashe iri uku ne: masu nomawa ko haɗawa, waɗanda ake ratsawa ta cikinsu, da masu sha. Afghanistan ita ce babban misali na farko. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, UNODC, ya ƙiyasta cewa a 2021 harkar ofiyom ta kai tsakanin kashi 9 zuwa 14 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar. Wannan kuɗi ne na gaske, daga waje yake shigowa, kuma ƙauyuka da dama da shi suke ci. Shi ya sa da Taliban suka haramta nomansa a Afrilun 2022, noman ya faɗi da kusan kashi 95 cikin 100 a 2023, manoma suka shiga tasku. Amma a lura, duk tsawon shekarun da ƙasar ta yi tana samar da mafi yawan ofiyom ɗin duniya, ba ta taɓa fita daga sahun matalautan ƙasashe ba. Manomi ɗan abin da ya samu kaɗan ne, ribar tana can inda ake sayar da hiroyin a titunan Turai.

Guinea-Bissau ita ce misali na biyu, ga ta nan kusa a Afirka ta Yamma. Masu safarar hodar iblis daga Kudancin Amurka sun mai da tsibiranta zango a kan hanyarsu ta zuwa Turai. Me ƙasar ta samu? A Maris 2009 aka kashe hafsan sojojinta, Tagme Na Waie, bayan 'yan sa'o'i aka kashe shugaban ƙasa Nino Vieira. A 2013 jami'an Amurka suka cafke tsohon shugaban sojin ruwanta, Bubo Na Tchuto, a kan teku bisa laifin safarar hodar. A Satumbar 2024 an sake kama sama da tan biyu da rabi a cikin jirgi a filin jirgin saman Bissau. Har gobe kuma talakan ƙasar da kashu yake rayuwa. Kuɗin ya sayi manyan sojoji, bai sayi allunan makaranta ba.

To mu fa, a wane layi muke? Najeriya a dunƙule tana da ƙafa a duka ukun. Amma kudancin Kano layinsa ɗaya ne tak: mu masu saye ne. Duk wanda ya gane wannan ya gama gane lissafin.

Ku duba taswira. Duk kayan da ya taso daga Legas ko Onitsha zai shiga Kano ta Kaduna, sai ya bi ta Kwanar Ɗangora ya wuce ta gefen Bagauda. Daga kwanar kuma hanya ta ɓalle ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Wanda yake bibiyar sanarwar da kakakin NDLEA, Femi Babafemi, yake fitarwa duk mako ya san sau nawa hanyar Zariya zuwa Kano take fitowa a ciki. Tabar wiwi da ake kamawa a wannan hanya ba a Rantan ko Ƙofa aka noma ta ba, daga dazukan Ondo da Edo da maƙwabtansu take tasowa. Tiramol kuwa mafi yawansa daga Indiya yake, a kwantena yake sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Onne, ko ya biyo ta Kwatano da Lome. Kuma ba irin na asibiti ba, mai miligiram 50 ko 100 da NAFDAC ta amince da shi. Mai 200 ne da 225 da 250, wanda tun daga masana'anta an san ba don majinyaci aka buga shi ba.

Yanzu bi naira ɗari biyar ɗin da yaro ya miƙa a bayan tasha. Ɗan abin da ƙaramin dila zai riƙe bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne zai kwana a sel in an zo kame. Babban dila a cikin birni ya ɗauki nasa. Direban da ya ɓoye kayan a ƙarƙashin buhuna ya ɗauka, wanda ya kau da kai a shingen hanya ya ɗauka. Kaso mafi tsoka ya tafi ga mai kwantena, shi kuma dole ya canza naira zuwa dala kafin ya biya masana'anta. Wato a daidai lokacin da ƙasa take kukan ƙarancin dala, tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023, wani ɓangare na dalar da ake wawaso a kasuwar canji ƙwaya ake sayowa da ita. Afghanistan ko ba komai tana sayar wa waje ta karɓi kuɗi. Mu kuɗin muke fitarwa mu karɓo cuta.

Bari mu sa lamba a kai. Binciken da NBS da UNODC suka yi a 2018, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, ban da masu giya da taba sigari. A jihar Kano kashi 16 cikin 100 ne, kimanin mutum miliyan 1 da dubu 70. Binciken ya kuma ce ɗaya cikin biyar na masu sha ya kai matakin da abin ya zame masa ciwo. In muka ɗora wannan a kan Kano, mutum wajen dubu 200 ke nan. To mu ƙaddara, don misali kawai, kowannensu naira 500 yake kashewa a rana. Naira miliyan 100 ke nan kullum. A shekara naira biliyan 36 da rabi. Wannan lissafina ne na kan takarda, kuma duk wanda ya san farashin kaya a yau ya san na yi rowa. Gidan mai tayil ɗin da ake nuna mana, nawa ne a cikin wannan? Kamar a kwashe rumbun gari ne a bar wa mai gadi dami ɗaya, mu kuma mu taru muna yaba girman damin.

Inda maganar ta fi ɗaure kai shi ne wajen masu sayen. A hotunan da ake yaɗawa a TikTok, ɗan ƙwaya shi ne ɗan daba mai wuƙa, ko yaron da ya yi mankas a bakin kwata. Akwai su. Amma a karkararmu kaso mai yawa na masu haɗiyar tiramol ba don nishaɗi suke sha ba, don aiki ne. Ɗan ƙwadagon da yake yankan shinkafa a fadamun Tudun Wada, mai karyar masara a gonakin Doguwa, mai shiga rami a wuraren haƙar ma'adinai na Riruwai, ɗan acaɓan da zai wuni yana zirga-zirga tsakanin ƙauyuka ranar kasuwa, ɗan dakon da yake loda buhu a kan tirela. Ku tambaye su za su ce muku ba maye suke nema ba, ƙarfi suke nema.

Kuma tsarin biyan aikin shi kansa yana tura su. Aikin jinga ake yi. Ba a biyanka don ka wuni, ana biyanka don ka gama. Wanda ya gama gona biyu a rana ya ninka wanda ya gama ɗaya. In mutum biyar cikin ayarin 'yan ƙwadago suka fara haɗiya suna gama aiki da wuri, masu gona za su saba da wannan saurin, farashin jinga ya daidaita a kansa, sauran biyar ɗin da ba sa sha su zama su ne ragwaye. Sai su zaɓa: ko su bi layi, ko a daina kiransu. Mai gona ba lallai ya sani ba, wani kuma ya sani sarai ya yi kamar bai gani ba, tunda aikinsa yana tafiya.

A nan ne mai kare harkar zai ce, to ai ka ga, ƙwaya tana ƙara yawan aiki, tana ƙara amfanin gona. A damina ɗaya, wataƙila. Amma tiramol ba ya ƙara wa jiki komai, jin ciwo da gajiya kawai yake toshewa. Bashi ne mutum yake ci daga jikinsa na gobe, kuma bashi mai ruwa, domin ƙwaya ɗayar da ta isa bana ba za ta isa baɗi ba. Mai yawa yana jawo farfaɗiya, likitoci sun daɗe suna faɗa, kuma wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya faɗi yana shure-shure a tsakiyar titi ba sai an yi masa bayani ba. Saurayin da ya kamata ya yi shekara talatin yana noma yana ciyar da gida, sai ya ƙone cikin bakwai ko takwas, daga nan ya koma nauyi a kan mahaifiyarsa. Mudun GDP ya ƙirga ƙarin buhunan da ya yanka a shekarun farko. Shekaru ashirin ɗin da aka rasa babu inda aka rubuta su.

Abin da hukuma ta fi iyawa kuma shi ne haramtawa da kame. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim a kan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, har da matasan da aka ɗaure da mari a gidan gyaran hali na Ɗorayi. Washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar ce Indiya ma ta tsaurara dokar fitar da tiramol. An yi tafi. Me ya biyo baya? A Fabrairun 2025 BBC ta sake fitar da wani binciken, ta nuna yadda wani kamfani a Mumbai mai suna Aveo yake haɗa wasu sinadarai biyu, tapentadol da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta ba shi lasisi, yana turo shi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. An ɗauki ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin a ɓoye yana amsa cewa abin yana da illa, amma ai kasuwanci ne. Indiya ta haramta haɗin bayan fim ɗin. Ina mai tabbatar muku wani yana can yana gwada haɗi na gaba.

Ba cewa nake yi a daina kame ba. Tun da Buba Marwa ya karɓi NDLEA a Janairun 2021 hukumar ta farfaɗo, kamun tan 1.8 na hodar iblis a Ikorodu a Satumbar 2022 ba wasa ba ne. Rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari a Fabrairun 2024, don a tilasta wa 'yan kasuwa komawa sabuwar cibiyar Ɗangwauro inda za a iya sa musu ido, shi ma mataki ne mai ma'ana. Amma matuƙar mai saye yana nan da buƙatarsa, kame tsadar kaya yake jawowa, tsada kuma ita ce take kiran sabon dila. Ko zafin hukunci an gwada: a Afrilun 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta harbe mutum uku a Legas a kan miyagun ƙwayoyi. Shekara huɗu bayan nan, a 1989, sai da aka kafa hukuma sukutum don matsalar ba ta tafi ba.

Sannan akwai asarar da take faɗa wa wanda ko warin ƙwaya bai taɓa ji ba. Ku tuna ɗalibar nan ta wata jami'a a Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018, bayan wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano sun maƙala sunanta a jakar da ke ɗauke da tiramol. Wata huɗu ta yi a tsare a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne, kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Duk mai koren fasfo da aka ware gefe ana zazzage masa kaya a filin jirgin wata ƙasa yana biyan wani ɓangare na wannan bashin. Haka mai shagon da yake rufewa da magariba don tsoron masu ƙwacen waya, da ɗan kasuwar da ya so kafa injin casar shinkafa a gari ya fasa saboda bai ga yaran da zai amince ya bar wa inji ba.

Abin da ya sa na zaɓi yankinmu don wannan magana shi ne muna da abin kwatance a gaban idonmu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako aka kammala a 1974, shekara hamsin ke nan tana shayar da gonakin rani daga Kadawa zuwa Kura da Bunkure. Kuɗin da aka zuba a cikinta har yau haihuwa yake yi: tumatir, shinkafa, alkama, kifi, da dubban mutanen da suke ci daga jigila da dako. Otal ɗin Bagauda na wancan zamani ya mutu a matsayin otal, amma ginin bai tafi ko'ina ba, yau shi ne harabar Makarantar Horas da Lauyoyi. Jarin da ya zauna a ƙasa haka yake, ko ya canza fuska yana nan. Ku nuna min abu ɗaya makamancin wannan da kuɗin ƙwaya ya bari a ƙananan hukumomin nan huɗu.

Abin da ya bar mana dai shi ne buƙatar wurin gyara. Cibiyar gyaran tarbiyya ta Ƙiru, ɗaya daga cikin cibiyoyin da gwamnatin Kwankwaso ta buɗe tsakanin 2011 da 2015, tana nan a cikinmu, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a can arewacin birni. Duk gadon da ke cikinsu, da abinci, da albashin ma'aikata, daga kuɗin jama'a ne. Wato mun biya lokacin saye, mun sake biya lokacin jinya. Kuma ko an cika kowane gado, ina za a kai mutum dubu 200? Wanda aka sallama ma, in ya koma gida ya tarar da jingar nan yadda ya bar ta da kemis ɗin nan a inda yake, wata nawa zai yi?

Shi ya sa nake ganin akwai tambayoyin da mu masu waya a hannu za mu iya yi, waɗanda suka fi raba hoton yaron da aka kama ana zaginsa a sharhi. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, sun san kemis nawa ne a yankunansu, kuma nawa ne suke da rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna? Ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masara, sun taɓa zama a kan yadda ake yanka jinga, ko sai maganar taki kawai? Ƙaramin injin girbi guda ɗaya da matasa goma za su mallaka tare, su riƙa haya da shi, zai rage masu haɗiya fiye da lacca goma a filin makaranta, domin ya cire dalilin shan daga tushe. Nawa aka ware wa Ƙiru a kasafin bana, nawa aka saki, mutum nawa aka yaye, kuma wa yake bibiyarsu bayan sun fita?

Ga kuma 2027 tana matsowa. Kowa a nan ya san lokacin kamfe kasuwar ƙwaya take yin sama, kowa kuma ya san ba da kuɗin aljihunsu yaran da ke rataye a bayan motoci suke saye ba. Duk ɗan takarar da zai zo Kwanar Ɗangora ya ɗaga hannu ya ce zai yaƙi shaye-shaye, a leƙa bayan ayarinsa tukuna, a ɗauki bidiyo, a sa rana da wuri a jiki.